Njamena Zuwa Gwanzu: Awa 26 Ne Ko Awa 11 Da Rabi?

Filin Tambayoyin Masu Karatu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Marwa, ina sayar da kayan waya da fitilun sola. Na daɗe ina saro kaya ta hannun wasu, bana kuwa na ƙudura zan je Gwanzu ta ƙasar Sin da ƙafata. Na tambayi mutum biyu da suka taɓa zuwa, dukansu ta Njamena suka tashi. Ɗaya ya ce tafiyar awa 26 ce, har ya nuna mini tsohon tikitinsa. Ɗayan ya rantse ba ta wuce awa 11 da rabi ba, shi ma ya zaro nasa. Gardama ta kaure mini a shago. Malam, wa ke da gaskiya? Kuma nisan wurin nan kilomita nawa ne?
Daga wani ɗan kasuwa, unguwar Domayo, Marwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sa a je a sa'a. Ka koma ka sasanta su, don kowannensu abin da ke kan takarda ya karanta maka. Na farko shafin zuwa ya duba, na biyu shafin dawowa. Sayar da tikitin jirgi ne sana'ata a nan Njamena, a Kusuri ta Kamaru, tsallaken kogi, nake kwana in tsallako da safe, kuma da wuya mai zuwan fari Sin ya bar teburina ba mu ɗauki biro da takarda a kan wannan batu ba.

Abin da ke rikita mutane shi ne, duk lokacin da aka buga a tikiti na agogon garin da aka ambata ne. Na tashi da agogon garin tashi, na sauka da agogon garin sauka. Mu a Chadi da Kamaru da Najeriya da Nijar agogonmu ɗaya. Habasha ta riga mu da awa 2. Sin ta riga mu da awa 7, kuma duk faɗin ƙasar tasu agogo guda suke bi.

Bari in buga maka misali da hanyar Addis Ababa, wadda mutanenmu suka fi bi. Ƙarfen da zan faɗa na misali ne, don jadawali yana sauyawa, amma tsawon kowane zango kusan haka yake. A ce kun tashi daga filin jirgin Hassan Djamous ran Litinin da ƙarfe 2:00 na rana. Bayan kamar awa 4 a sama kun sauka Bole, filin jirgin Addis. Agogon hannunka zai ce 6:00 na yamma, na bangon filin kuwa 8:00 na dare. Ka zauna jira har 12:30 na dare, awa 4 da rabi ke nan. Sai babban jirgi ya kwashe ku, awa 10 da rabi babu sauka, ku dira Baiyun, filin jirgin Gwanzu, da ƙarfe 4:00 na yammacin Talata. Wanda ya ƙirga daga 2:00 na ranar Litinin zuwa 4:00 na yammacin Talata dole ya samu awa 26. Ga lissafin abokinka na farko. Amma a daidai lokacin da kake neman jakarka a Baiyun, iyalinka a Marwa ba su daɗe da karyawa ba, ƙarfe 9:00 na safe ne a wurinsu. Tafiyar awa 19 ka yi, 14 da rabi a sama, sauran a kan benci.

A dawowa sai abin ya juye. Ku tashi Gwanzu 12:30 na dare, ku yi awa 11 a sama, ku sauka Addis 6:30 na safe, ku jira zuwa 10:00, ku iso Njamena ƙarfe 12:00 na rana. A takarda awa 11 da rabi, a jikinka awa 18 da rabi. Saboda haka in za ka tafi, abin da ka ƙirga a tikiti ka cire masa 7. In za ka dawo, ka ƙara masa 7.

Nisa kuwa, in an ja layi miƙe daga Njamena zuwa Gwanzu, kilomita 10,300 ne ko kusa da haka. Babu jirgin fasinja da ke yin wannan tafiya kai tsaye. Ba gazawar jirgi ba ce, akwai mai tashi daga Singafo bai sauka ba sai New York, fiye da kilomita 15,000, sama da awa 18. Fasinjan da za su cika kujera 300 daga Njamena zuwa Gwanzu ne babu. Shi ya sa ake tattaro mu daga Njamena da Kano da Duwala da Yamai a tara a gari ɗaya, sannan a zuba mu a babban jirgi. Njamena zuwa Addis kamar kilomita 2,600 ne, Addis zuwa Gwanzu kamar 8,000, jimla 10,600 da 'yan kai. Ta Alƙahira ma kusan haka lissafin yake fita. Ta Istanbul ya kai 11,400. Ta Faris kuwa ya haura 13,500, ban ga dalilin da zai kai ɗan kasuwar Marwa can ba.

To amma, Alhaji, kada ka zaɓi tikiti da kilomita. Tsakanin hanyar Addis da ta Istanbul bambancin kilomita 800 ne, abin da jirgi ke cinyewa cikin awa guda. Wurin da tikiti ke bambanta da ɗan'uwansa shi ne zaman jira. Sau da yawa mutum zai shigo mini riƙe da waya, ya ce ga wanda ya gani a intanet ya fi nawa sauƙi. In muka duba sai mu tarar an sauke shi gari biyu, a ɗaya zai kwana ya yini a kan kujerar ƙarfe, ga abincin filin jirgi da tsadar tsiya. Araha ba ta ado. Jiran da ya yi gajarta da yawa shi ma tarko ne: in awa ɗaya kacal aka ba ka tsakanin jirgi da jirgi, jinkirin minti 40 a Njamena ya isa ya raba ka da na gaba, ko kai ka shiga jakarka ta kwana a baya. Ni dai abin da nake zaɓar wa mutanena shi ne jiran awa 3 zuwa 6. Kuma ka tabbata tafiyar duka a tikiti ɗaya take. In ka yanki biyu daban-daban don neman rangwame, na farko ya makara, na biyu ba ruwansa da kai.

Ka tafi da rigar sanyi a jakar hannu. Addis tana kan tudu, fiye da mita 2,300 sama da teku. Za ka bar Njamena kana gumi, cikin dare a Bole ka ga mutanenmu sun takure a kan benci cikin 'yar shadda marar nauyi, mai rawanin kadamul ya warware shi ya lulluɓa, wani ya yafa dardumar salla. Sannan in ka fita cikin gari, ka yi hattara da tambayar lokaci. Habashawa suna fara ƙirga awoyin yini daga fitowar rana ne, ƙarfe 7:00 na safe a wurinsu ƙarfe 1:00 ne. A filin jirgi dai agogon da ka sani ake bi.

Duk wannan lissafi daga Njamena ya fara, kai kuwa a Marwa kake. Tsakaninka da Kusuri kilomita 260 ne ko kusa da haka, ta Mora da Waza da Dabanga, kuma duk wanda ya bi hanyar nan ya san tana iya cinye masa yini, balle da damina. Wato kafin mota ta kawo ka bakin kogin Logon a Kusuri, jirgi ya kusa gama tsakanin Addis da Gwanzu. Kada ka kuskura ka taso daga Marwa ranar da jirginka zai tashi. Ka iso Kusuri da kwana ɗaya a hannu, in da hali biyu. Gadar Ngeli, wadda ake tsallakawa daga Kusuri zuwa Njamena, tana da lokacin buɗewa da na rufewa, ga layin duba takardu, ga cunkoson manyan motoci da 'yan kilando, wato 'yan acaɓa. Ka tsallaka da sassafe, ka kasance a filin jirgi awa 3 kafin tashi, fasfo da biza da katin rigakafin shawara suna aljihun gaba. A can ma in kun sauka akwai layin shige da fice, akwai jiran kaya, sannan tafiyar kamar kilomita 30 zuwa cikin gari, wajen Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi sauka. In ka haɗa duka, daga ƙofar gidanka a Domayo zuwa gadon masauki, kwana 2 zuwa 3 za ka ware. Wannan ce amsar da za ka ba uwargida in ta tambaye ka yaushe za ta ji muryarka daga can.

Akwai wani abu da nake ja wa kowa layi a ƙarƙashinsa da jan biro, shi ne jirgin tsakar dare. Wani bawan Allah da na yankar wa tikiti, jirginsa na dawowa an rubuta Talata, ƙarfe 00:30. Daren Litinin ya kwana a masauki yana ɗaure kwalaye hankali kwance, ya wuni Talata yana ƙarasa sayayya, da magariba ya ɗauki tasi zuwa Baiyun. Ya miƙa fasfo a wurin awon kaya, yarinyar ta danna kwamfuta, ta ɗago ta dube shi, ta juyo masa da allon. Jirginsa ya tashi tun daren jiya, a lokacin ma fasinjan sun riga sun isa gidajensu. Ya kira ni murya na rawa, ga kuɗi sun ƙare a kaya, ga biza saura kwana kaɗan. Talata 00:30 tana nufin daren Litinin wayewar Talata. Ran Litinin bayan isha'i ya kamata a gan ka a filin jirgi.

In ka isa, ranar farko ba ta ciniki ba ce. Ƙarfe 9:00 na safe da kasuwa ke buɗewa a Gwanzu, jikinka yana ƙarfe 2:00 na daren Marwa. Mutumin da ke gyangyaɗi a tsaye ba ya ƙirga sifili daidai, su kuwa masu shagon sun ƙoshi da barci. Ka zaga, ka ga kaya, ka rubuta farashi, ka daure kada ka kwanta sai dare ya yi a can. Bayan kwana 3 ko 4 jiki yakan fara bin agogonsu. In tafiyarka ta faɗo lokacin babban bajekolin Kanton, wanda ake yi a Gwanzu sau biyu a shekara, wajen Afrilu da wajen Oktoba, ka kama tikiti da masauki da wuri don komai yakan yi tsada. Kayanka kuma, in ta ruwa ka auno su, kada ka yi wa kowa alkawarin rana. Kai za ka dawo cikin kwana ɗaya, su sai sun yi makonni a teku kafin Duwala, sannan su fara tasu doguwar tafiyar zuwa arewa.

TAMBAYA: Ina ajin ƙarshe a lise. Malaminmu ya ce duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas. In haka ne, ai jirgin da ya nufi yamma ya kamata ya riga isa, tunda ƙasa tana tahowa ta tarye shi. Amma yayana da ke zuwa Sin ya ce dawowa ta fi daɗewa. Kuma ya ce layin tafiyar da ake nunawa a allon jirgi a lanƙwashe yake. Me ya hana direban ya miƙe?
Daga wani ɗalibi, Farsha, Njamena

AMSA: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Malaminku ya yi daidai. A nan Njamena ƙasa tana gudu da mu zuwa gabas da saurin da ya haura kilomita 1,600 a awa. Sai dai ba ƙasa kaɗai ke wannan gudu ba. Iskar da ke kanta tana tafe tare da ita, jirgin ma tun yana ajiye a fili yake cikin tafiyar. Da ya tashi, a cikin iskar nan yake iyo, saboda haka juyawar duniya ba ta kawo masa garin da ya nufa.

Abin da ke sa bambanci shi ne motsin ita kanta iskar. Ka dubi mai kwalekwale da ya taso daga Logon-Birni zuwa Kusuri, ruwa na tura shi. In zai koma, ƙarfin damtsensa bai ragu ba, amma sai ya fi daɗewa. A can sama, tsakanin kilomita 10 zuwa 12 inda manyan jirage ke tafiya, akwai iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas. Da hunturu ta fi tsanani a kan ƙasar Larabawa da arewacin Indiya da kudancin Sin, wani lokaci takan wuce kilomita 200 a awa. Jirgi yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa a cikin iska. Ka ɗauki biro: a ce yana 880, iska tana 60. Mai zuwa gabas yana cin ƙasa da 940, mai dawowa da 820. Raba kilomita 8,000 da kowanne, za ka samu awa 8 da rabi a zuwa, awa 9 da minti 45 a dawowa. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, wata iskar takan taso daga gabas ta bi ta kan Indiya zuwa Afirka, sai tazarar ta ragu.

Za ka ce to me ya sa na ce wa Alhajin Marwa awa 10 da rabi? Domin lokacin tikiti yana farawa ne tun da jirgi ya motsa daga inda aka shiga, har ya tsaya a inda za a fita. Akwai gangarawa zuwa titin tashi, akwai jiran layi, akwai hawa da sauka da ba a yin su da cikakken gudu, kuma hanyoyin sama ba a miƙe suke sak ba, kowace ƙasa da ƙofofin da ta yarda a bi.

Batun lanƙwasa kuwa, laifin taswira ne. Duniya a dunƙule take, an baje ta a kan takarda, dole wani abu ya karkace. In akwai ƙwallon taswirar duniya a makarantarku, ka samu zare, ka danne bakinsa a Njamena, ka ja shi ya yi tsai zuwa Gwanzu, ka ga inda ya bi. Zai bar Njamena ta daidai inda muke fuskanta in za mu yi salla, ya ratsa Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, ya bi ta kan Makka, ya bi ta kan Dubai, ya haura arewacin Indiya har ya fi Gwanzu kanta yin arewa, sannan ya gangaro ta ƙasar Bama, wato Myanmar. Makka da Dubai da Gwanzu, garuruwa ukun da suka fi cin kuɗin tikitin mutanenmu, a kan zare ɗaya suke daga nan. Wannan layin da ka mayar da shi kan shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ya fito a tanƙware, alhali babu hanyar da ta fi shi kusa.

TAMBAYA: Jikata ce take rubuta mini. Allah ya nufa bana ɗana ya biya mini kujerar Makka, daga Garwa za mu tashi. Kakana da ƙafa ya je, sai bayan shekara 7 ya dawo. Ni ban taɓa shiga jirgi ba, ga ciwon ƙafa, ga hawan jini. Wasu sun ce awa 4 ne, waɗanda suka je kwanan nan sun ce ya fi haka. Ɗana, gaya mini gaskiya, zaman nawa zan yi?
Daga wata dattijuwa, Hausare, Garwa

AMSA: Inna, Allah ya ƙara girma, ya sa a yi karɓaɓɓiya, a sa mu a addu'a. Daga Garwa zuwa Madina kilomita 3,250 ne ko kusa da haka, zuwa Jidda kuwa kamar 3,100. In jirgi ya samu hanya miƙe, zaman awa 4 zuwa 4 da rabi ne, waɗanda suka gaya miki haka ba su yi ƙarya ba. Amma miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi da Sudan take bi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 jirage suke kauce wa samaniyarta, suna zagaye. Shi ya sa alhazan baya-bayan nan suka ce miki ya fi haka. Ki ɗaura niyyar zama mai tsawo, in ya zo da sauƙi sai ki gode wa Allah.

Ƙasar da ake zagayewa yau, ita kakanki ya taka. Mutanen wancan zamani sukan biyo ta nan garin, lokacin ana ce masa Fort-Lamy, don sai a 1973 ya koma Njamena. Daga nan su yi gabas zuwa Abeshe, su shiga Darfur ta Junaina, su wuce Fashir da Ubayyid, har bakin Bahar Maliya, su hau jirgin ruwa a Sawakin. Ba tafiyar ce kaɗai ke cin shekaru ba. Guzuri ne ke ƙarewa, sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago a gonakin auduga na Jazira, a tara abin da zai kai mutum zango na gaba. Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa sun je sun dawo sun zauna a hanya. Har gobe akwai garuruwan mutanenmu a Sudan, irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Kakanki yana cikin masu rabon da suka ga gida.

Yanzu ga abin da nake so jikarki ta karanta miki sau biyu. Wahalar ranar ba a sama take ba, a ƙasa take: jiran a kira suna, layin awon kaya, layin duba fasfo a can, sannan mota zuwa masauki. Saboda haka maganin hawan jininki ya kasance a jakar hannu, kada ya shiga babbar jaka ko da wasa, don ita ba za ki sake ganinta ba sai an sauka. Agogon Saudiyya ya riga namu da awa 2, ki sa likitanki ya tsara miki lokacin shan magani tun kafin tafiya.

Na san halin iyayenmu mata. Tun daren tafiya sai su daina shan ruwa don kada fitsari ya kama su a jirgi, su ji kunyar tayar da na kusa. Inna, kada ki yi haka. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, ga zafin da ke jiran ki a can. Akwai ban-ɗaki a jirgi, ma'aikatan za su nuna miki yadda ake buɗewa da rufewa, aikinsu ne. Buta ce babu, sai ki riƙe ƙaramar gorar roba wadda ba komai a ciki, don ba a barin mutum ya wuce wurin bincike da ruwa mai yawa, a ciki kya cika ta. Ba a zubar da ruwa a daɓen ban-ɗakin, don haka ki yi alwalarki tun a ƙasa. Saboda ƙafar, ki roƙi kujerar bakin hanya, ki sa takalmi sakakke, kina zaune kina motsa yatsu da idon sawu, in an kashe alamar ɗamara ki tashi ki ɗan taka. In kunne ya toshe wajen sauka, ki yi ta haɗiyar yawu. Kuma ki ajiye sauran haƙuri, don tsakanin Madina da Makka akwai wata tafiyar ta kusan kilomita 450.

TAMBAYA: Malam, in mutum yana cikin doguwar tafiya irin ta Sin, da wane agogo zai yi salla, kuma ina zai fuskanta?
Daga wani mai sayar da atamfa, Kusuri

AMSA: Maƙwabci, hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da yadda ake yi a kan kujera, wannan ka je wa malaminku kafin ka tafi. Nawa fannin agogo ne da taswira. Lokacin salla yana bin ranar wurin da kake ne, agogon Kusuri da ke hannunka ba shi da aiki a sama.

In kun tashi Addis 12:30 na dare kun nufi gabas, kuna gudu ne kuna taryen rana, dare sai ya gajarce. Kamar awa 3 da rabi bayan tashi alfijir zai keto muku, alhali agogon gida yana wajen 2:00 na dare. Tsakanin alfijir da fitowar rana ma ya fi na ƙasa gajarta, ga tagogi a rufe, fitilu a kashe, kowa na barci. Mutane da yawa a nan asuba ke kuɓuce musu. Ka saita ƙararrawar wayarka awa 3 bayan tashi, ka ɗan ɗaga murfin taga ka duba. A dawowa kuwa dare ne ke bin ku. Tun magaribar Gwanzu ba za ka sake ganin rana ba sai kuna dab da Addis, duhun kusan awa 17, kada ka yi gaggawar asuba don agogon Sin ya ce 5:00. Mai azumi ma haka, in ya zaɓi ya yi a hanya, faɗuwar ranar da idonsa ya gani ta taga ita ce tasa.

Alƙibla kuma tana juyawa da kai. A Addis arewa za ka fuskanta, don Makka tana saman su kusan sak. A Gwanzu yamma za ka duba, ka ɗan karkata dama kaɗan.